Shekarun da Na Kife Kwamfutocin Matameye

Abu biyu na yi a cikin sana'ata da har yau nake cewa da ma ban yi su ba. Na farko, na yi shekaru ina kife wa mutane kwamfutocinsu, ƙafafu sama, kai ƙasa, ina ce musu gyara ne. Na biyu magana ce guda ɗaya da na faɗa a gaban jama'a ranar kasuwa, wadda ta raba wani bawan Allah da abincinsa na rani guda. Sunana Sani. Masu ganin girmana suna ce mini Baba Sani mai kwamfuta, waɗanda ba sa jin kunyata kuma Sani Kife. Ku samarin da kuke leƙowa shagona kuna cewa ai aikin nan ba komai ba ne, kwance noti huɗu ne da hura iska, ku zauna ku ji inda noti huɗu suka kai ni.

Ban yi nisa a lekol ba, aji huɗu na tsaya. Kamar kowane namiji a gidanmu, da an gama girbin gero an cika rumbu, sai in hau mota in tafi Kano cin rani. Na yi garuwa, na yi dako. Dakon ne ya kai ni shagon wani mutum da ake kira Oga Garba, mai sayar da tsofaffin kwamfutocin ofis waɗanda ake kwasowa daga Turai. Wata rana ya ga na sauke akwati a hankali, ban jefar ba kamar sauran 'yan dako, sai ya ce, "Kai ɗan Nijar, kana son koyon aiki?" Na ce ina so. Rani bakwai na yi a wurinsa.

Bari in gaya muku abin da ke cikin akwatin, don ku gane ɓarnar da na yi. Idan ka buɗe shi, za ka ga wani babban faranti manne a bango ɗaya, komai a jikinsa yake rataye. A Kano modabod suke cewa, a nan kart mer, ni kuwa uwar kati nake ce mata. A jikinta akwai wata doguwar tsaga, nan ake cusa katin hoto, wanda shi ne ke tura hoto zuwa ekran, gilashin da kake kallo. Katin yana da haƙoran zinariya a gefe ɗaya, da giɓi a tsakaninsu, yana kuma da fanka a fuska ɗaya don kada ya yi zafi. Saboda giɓin nan, ta hanya ɗaya kawai yake shiga tsagar.

Oga Garba ba ya yin bayani. Kalmomi uku yake da su, kuma kullum da safe sai mun maimaita: cire wuta, taɓa ƙarfe, fanka sama. Na farko don kada kuran, wato lantarki, ya ja ka. Na biyu don ka sauke wutar da ke jikinka kafin ka taɓa kati. Na uku kuwa shi ne yadda yake duba aikinmu: yana wucewa, ya leƙa akwati, in ya ga fankar katin tana kallon sama, ya san an sa daidai. Kwamfutocinsa duka iri ɗaya ne, ɗaruruwansu, daga dama ake buɗe su, kuma duk katin da ka sa musu fankarsa sama take kallo. Sau ɗaya na tambaye shi dalili. Ya dube ni ya ce, "Tunda kana da lokacin tambaya, je ka sayo mini shinkafa da wake." Daga ranar ban ƙara ba. Ni kaina na ƙera wa abin dalili: zafi sama yake tashi, hayaƙin murhu ma sama yake yi, to dole fanka ta kalli sama. Na riƙe wannan kamar karatun allo.

Da na dawo gida na buɗe shago kusa da tasha, kayan aikina ba su cika jaka ba. Turnabis biyu na kwance noti, babba da ƙarami. Buroshin fenti na sharar kati. Famfon keke na hura iska, domin abin da ya fi kashe kwamfuta a garin nan shi ne ƙaiƙayin gero lokacin sussuka, ya shiga ya toshe komai kamar auduga. Sai mita ta gwada wuta, da magagarin da na gada wurin kawuna maƙeri, wanda ba shi da wani aiki a cikin kwamfuta, amma nake ajiye shi a kan tebur saboda yana sa shago ya yi kama da na masu aiki.

Kwamfutar da na fara kifewa ta Malam Idi ce, mai buga wa mutane takardu a gaban meri, ofishin magajin gari. Ya kawo ta a kan babur, ya ce da ya fara buga wasiƙa sai ta ɗauke. Na nemi buɗe ta daga dama, ta ƙi. Na daɗe ina zagaya ta, ashe daga hagu ake buɗewa. Da na leƙa, sai na ga abin da ban taɓa gani ba: fankar katin tana kallon ƙasa.

Na ce, "Malam Idi, wa ya haɗa maka wannan?"

Ya ce, "Haka na sayo ta a Zinder."

Na ce, "An cuce ka. Mutanen birni ba su jin tsoron Allah."

Na zare katin na juya shi, ya ƙi shiga, giɓin ya hana. Na hure ƙaiƙayin da ke ciki da famfo, ya fito har ya sa mu atishawa, na mayar da katin yadda yake. Sai dabara ta zo mini. Tunda kati ya ƙi juyawa, ai akwati yana juyawa. Na ɗaga ta na kife a kan tebur, ƙafafunta huɗu a sama kamar tunkiyar da aka kayar za a yi wa allura. Fanka ta kalli sama. Muka kunna. Malam Idi ya buga wasiƙa uku a jere, ba ta ɗauke ba.

Ƙaiƙayin da na hure shi ne ciwon. Amma ni kifewar na gani, shi ma ita ya gani, kuma Malam Idi mutum ne da duk wanda ya zo neman takardar haihuwa sai ya ji labarin gari a bakinsa. Kafin wata biyu, ana kawo mini kwamfutoci daga Dungu da Yauri a kife musu. Wasu lafiyarsu ƙalau, mai su ya ce a kife dai don rigakafi. Matsala ɗaya ce: bakin da ake sa faifai shi ma ya kife, kana ɗora faifan sai ya faɗo ƙasa. Na koya wa mutane su tokare shi da ɗan yatsa daga ƙasa har bakin ya ja shi ciki, su zare yatsan da sauri. Akwai wani direkta na lekol da har yanzu farcensa bai fito daidai ba.

'Yata Ramatu ce ta fara faɗa mini gaskiya. Ta yi karatun gyaran na'ura a Zinder, ta dawo da takardarta, tana zama da ni a shago kafin ta samu aiki. Ranar farko da ta ga na kife wata, ta bari mai ita ya fita, sannan ta ce, "Baba, katin nan bai san sama da ƙasa ba. Giɓinsa kawai ya sani. Waɗancan da ka koya a kansu a Kano, uwar katinsu ce aka manna a ɗaya bangon, shi ya sa fankar ke kallon sama. Wani yayi ne aka yi, aka daina. Yawancin kwamfutocin duniya fankarsu ƙasa take kallo. Tana jawo iska mai sanyi daga ƙasa, zafin ya fita ta baya da ta sama."

Na ce, "Yawancin duniya?"

Ta ce, "E, Baba."

Na ce, "To yawancin duniya ba su yi rani bakwai wurin Oga Garba ba. Je ki sayo mana shinkafa da wake."

Yanzu ga aikin da ya jawo komai. Laminu mai bidiyo saurayi ne ɗan Dungu da ya buɗe ɗan shago a bayan kasuwa, yana ɗaukar biki da suna da kokawa. Matarsa 'yar Yauri ce, ku riƙe wannan. A shekarar, bayan girbi, aka yi kokawa tsakanin Illa Kafaɗa na Dungu da Mamman Turmi na Yauri. Suka kama juna, suka juya, suka zube ƙasa kusan tare. Mutanen Dungu suka ce hannun Mamman ne ya fara taɓa ƙasa. Mutanen Yauri suka ce gwiwar Illa ce. Masu waya sun ɗauka, amma daga baya suke, ƙeyoyin mutane kawai suka samu. Laminu ne kaɗai yake gaba, kamararsa a kan sanduna uku. Alhaji Mati, dattijon da ke shugabantar harkar kokawa a wajenmu, ya ce a daina musu, ranar kasuwa mai zuwa Laminu zai nuna hoton a babbar tele, a hankali a hankali, kowa ya gani da idonsa.

Hoton sabuwar kamarar Laminu yana da nauyi, tsofaffin kwamfutocin garin ba sa iya jan sa. Amma wansa da ke aiki a Ikko ya aiko masa da sabuwa a motar kasuwa, baƙa, gefenta gilashi, ƙafafunta dogaye, gindinta duk raga. Katin hoton an naɗo shi daban a cikin zane don kada hanya ta karya shi. Kwana biyu kafin kasuwa, Laminu ya kawo mini su biyun.

Ya ce, "Baba Sani, sa mini kawai za ka yi. Na riga na kwashe kokawar na zuba a cikinta, na goge kamara na ɗauki sunan gidan Hajiya Amina. In wannan ta ƙi, na shiga uku."

Ban taɓa riƙe kati irin wannan ba. Tsawonsa ya kai burodi, fanka uku a jere. Na gwada shi fanka sama, ya ƙi. Na dubi giɓin, na dubi magagarin kawuna. Na ce a raina, in na goge ɗan tudun nan da ke cikin tsagar, ai zai shiga. Har na ɗauko. Ramatu ta riƙe mini hannu a gaban baƙo, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ta ce, "Baba, don Allah. Ko ka goge, ramukan wayar ekran ciki za su kalla. Ta ina za a sa waya?"

Na ce, "Gwada ki nake yi."

Na sa katin yadda yake so, ya yi ƙas, ya zauna. Na ɗaure notinsa. Sannan na ɗaga akwatin na kife.

Laminu ya ce, "Baba, ita ma? Sabuwa ce fa."

Na ce, "Sabuwa ta fi bukata. Tun tana ƙarama ake koya mata."

Ramatu ta ce, "Baba, ragar da zafi ke fita yanzu tana manne da tebur. Wadda iska ke shiga kuma ta buɗe baki sama, duk abin da ya faɗo cikin fankar zai faɗa."

Na ce, "Me zai faɗo? Ruwan sama a cikin ɗaki?"

Washegari da hantsi na je shagon Laminu in ga aikina. Na tarar da Illa Kafaɗa da kansa ya zo ganin yadda ya yi kayen, ya cika rabin ɗakin. Laminu ya dafa shayi, ya zuba a ƙananan kofuna uku a kan tire, yana neman inda zai ajiye, tebur ya cika da wayoyi. Ni ne na karɓi tiren. Ni ne na dubi ƙafafun nan huɗu da ke tsaye a sama, na ɗora shi a kansu. Ya zauna daram kamar don shi aka yi su.

Na ce, "Ka gani? Gyara ɗaya, amfani biyu. Ga sanyi, ga tebur."

Laminu ya kunna. Hoto ya fito tas, har zufar da ke bayan Mamman Turmi kana gani. Makaɗa suna kiɗa, 'yan kokawa suka shiga, suka zagaya juna, suka kama. Illa ya manta a ɗaki yake. Da ya ga kansa ya sa wa Mamman ƙafa, sai ya daka tsalle ya ce, "Ga shi nan! Ga shi nan zai tafi!" Gwiwarsa ta daki tebur. Kofuna uku suka tuntsire, tire ya karkata, shayin farko mai kauri da sukari ya bi ta raga ya sauka cikin fanka uku masu kallon sama, yadda na tsara. Su kuma suka yi aikinsu, suka watsa shi ko'ina. Ekran ya yi kore, ya yi baƙi. Ɗakin ya ɗauki ƙamshin na'ana'a da ƙonanniyar roba.

Illa ya ce, "Amma kun ga dai zai tafi ko?"

Ramatu ce ta zo ta tsayar da kwamfutar a kan ƙafafunta. Ta zare katin, ta wanke shi da alkol daga farmasi, ta shanya, ta mayar. Bai tashi ba, ya mutu. Allah ya taimaka uwar katin ta tsira, kuma tana da nata ɗan ramin ekran a baya. Ramatu ta sa waya a nan, hoto ya fito, amma yana tafiya yana tsayawa kamar jakin da bai ga dama ba. Inda motsi ya yi yawa, sai ya ƙame, ya yi tsalle ya wuce.

Ta ce, "In aka ba ni kwana biyu zan rage wa hoton nauyi ya tafi sumul. Baba, ka je wurin Alhaji Mati, kai zai ji maganarka. Ka ce a ɗaga zuwa kasuwa ta gaba."

Na san in na je zai tambayi dalili, dalilin kuma ni ne da tirena. Na ce, "Ba a ɗaga maganar manya saboda ɗan shayi. Gobe da sanyin safiya za ta warware."

Ba ta warware ba. Bayan azahar aka taru a wata rumfar hatsi da aka share, mutanen Dungu a dama, na Yauri a hagu, Alhaji Mati a kan kujera a tsakiya da babbar rigarsa. Aka tada gurup, injin wuta, aka haɗa tele. Ni ma aka ba ni benci a gaba, a matsayin masani. Hoto ya fara, yana ɗingishi amma ana gani. Suka kama. Illa ya sa ƙafa. Sai hoton ya ƙame, su biyun a tsaye, bakin Mamman a buɗe. Da ya motsa, ga su duka a ƙasa, mutane suna ta gudu a fili.

Alhaji Mati ya ce, "Mayar."

Aka mayar. Tsaye, ƙame, ƙasa. Sau huɗu.

Wani daga hagu ya ce, "Ya yanke! Ɗan Dungu ne, ya yanke gwiwar ɗan'uwansa!"

Wani daga dama ya ce, "Surukansa ya yi wa aiki! A Yauri yake cin tuwo!"

Laminu ya miƙe yana rantsuwa, ya ce shayi ne ya zuba a cikin katin ta gindin akwati. Mutane suka dubi kwamfutar, ga ta tsaye a kan ƙafafunta, gindinta a ƙasa. Wani tsoho ya ce, "Shayin naku hawa sama yake yi?" Aka kwashe da dariya. Laminu ya nemi Illa ya ba da shaida, Illa ya sunkuyar da kai yana duban farcensa, kuma ko ya yi magana wa zai karɓi shaidar mai kokawa a kan kokawarsa? Sai Alhaji Mati ya juyo gare ni.

Ya ce, "Sani, kai ne ka san abin nan. Na'ura tana cire wuri ɗaya da kanta?"

Laminu yana kallona. Ramatu tana tsaye a bakin rumfa, ita ma tana kallona. Na gyara hula na ce, "To, Alhaji, kwamfuta dai abin da aka zuba mata shi take nunawa."

Wannan ita ce maganar.

Shekarar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Lokacin bukukuwa ne, amma ba wanda ya kira Laminu, ko Dungu ko Yauri. Ana cewa in ya ɗauki aurenka, zai iya yanke dangin ango. Yara suna bin sa suna cewa mai almakashi. Kafin wata guda ya rufe shago, ya kai matarsa gidansu, ya bi wansa Ikko yana dako a kasuwa, mutumin da yake da kamara. Ramatu ta samu aiki a Zinder ta tafi. Ranar da za ta hau mota ta gaishe ni yadda ya kamata, sannan ta ɗauki magagarin kawuna daga kan tebur ta sa a jakarta. Ta ce, "Zan ajiye maka, Baba." Ni kuma na ci gaba da buɗe shago, amma duk wanda ya kawo kwamfuta a kife masa, sai in ce turnabis ɗina ya ɓace.

Da damina ta kusa, 'yan cin rani suka fara dawowa noma, Laminu ya dawo da sabon kati a cikin jakarsa. Bai kawo mini ba. Ni na je. Na tarar da shi yana goge gilashin akwatin, ya ce, "Baba Sani, in shayi ka zo sha, ya ƙare." Na ce ba shi na zo sha ba. Na kira Ramatu a waya na ce ta zo ranar kasuwa. Na je gidan Alhaji Mati na ce a sake tara mutane, ina da magana.

Ranar na ɗauki amalanke, na ɗora kwamfutoci biyu: tsohuwa irin ta Oga Garba, da ta Malam Idi da na aro. A rumfar nan dai, a gaban mutanen nan dai, na buɗe su biyun. Na nuna musu ɗaya uwar katinta a wannan bango, ɗaya a wancan. Na zare kati ɗaya na sa a nan, fanka sama, na sa a can, fanka ƙasa. Na ce kowacce yadda aka ƙera ta daidai take, ni ne ban sani ba. Sannan na kife ta Laminu, wadda shi ya kawo, na karɓi tiren mai shayin bakin rumfa na ɗora a kan ƙafafunta, na ce, "Ga yadda shayi ya hau sama. Ni na kife, ni na ɗora. Yaron nan bai yanke komai ba. Alhaji ya tambaye ni, na san gaskiya, na faɗi wata magana."

Malam Idi ya ce daga bayan taro, "To farcen direkta fa?" Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Na tsaya na sha, tawa ce.

Ramatu ta tsayar da akwatin, ta sa sabon katin, fanka ƙasa, ta ɗaure. Laminu ya kunna. Hoto ya tafi sumul kamar ruwa. Ya rage masa gudu. Suka kama. Illa ya sa ƙafa. Mamman ya karkata. Mutane suka miƙe tsaye. Sai wani abu shuɗi ya taso daga ƙasan hoton a hankali, ya cika tele gaba ɗaya, da aikin zare a wuyansa. Babbar riga ce. Wani ne da ke zaune a gaban kamara ya miƙe don ya gani da kyau. Da rigar ta kauce, su biyun suna ƙasa. Mai rigar ya juyo yana gyara hula, fuskarsa ta fito tas.

Alhaji Mati ya daɗe yana kallon kansa a tele. Rigar ce ma a jikinsa ranar.

Ya ce, "Laminu, kai ba ka ga na tashi ba?"

Laminu ya ce, "Alhaji, ni ma kokawar nake kallo."

Har yau ba a san wanda ya kayar ba, kuma Dungu da Yauri ba su daina musu ba, amma yanzu Alhaji Mati suke tsokana. Laminu ya sake buɗe shagonsa, auren farko da ya ɗauka na jikar Alhajin ne, kuma an ce da ya kafa kamara sai ya roƙi kowa ya zauna, musamman kakan amarya. Ya yafe mini, amma ranin da ya yi yana dako ba ni da inda zan samo shi in mayar masa. Duk sanda na shiga shagonsa, sai ya ɗauke tiren shayi ya riƙe a cinyarsa har in fita.

Na bi gida gida, ofis ofis, ina tsayar da waɗanda na kife. Uku sun gagare ni. Masu su sun ce tunda na kife musu ba su taɓa ba su wahala ba, kada in taɓa. Ɗaya daga cikinsu Malam Idi ne, wanda ya ce ya fi yarda da Sanin da can fiye da na yanzu.

Saboda haka, ku masu tasowa, roƙona gare ku ke nan. In kun shiga wani ofis a Matameye kuka ga kwamfuta ƙafafunta a sama, aikina ne, kada ku ɗauka ilimi ne ku kwaikwaya. In kati ya ƙi shiga, ku dubi giɓinsa, ku bar magagari inda yake. In maigidanku ya ba ku ƙa'ida, ku tambayi dalili, ko da zai aike ku sayen shinkafa da wake. Ku sayo, ku dawo, ku sake tambaya. In kuma ɓarnarku ta faɗa kan wani, aka juyo aka tambaye ku a gaban jama'a, don Allah kada ku gyara hula. Ku ce ni ne.